Kwalba biyar da aka rufe wa suna: muhawara kan wata liyafar tsohuwar giyar inabi a Bordo

Bulus, Bordo:
Salama gare ku 'yan zaure. Tun ranar Asabar nake juya maganar nan a raina, in kawo ta ko in bar ta, don na san mafi yawanmu a nan Musulmi ne, giya kuma ba abin da kuke kusanta ba ne. Ba talla na zo yi ba, ba kuma ina kiran kowa ya sha ba. Amma tunda an buɗe zauren nan ne don na gida da na waje su riƙa jin yadda mutanen wasu ƙasashe ke rayuwa, na ga wannan ma yana ciki.

Shekarata tara a Bordo, wani birni a Faransa, ina aikin jinya. Akwai wani abokin aikina, dattijo da ya kusa ritaya, yana cikin wata ƙungiya ta mutum goma sha biyu. Sau huɗu a shekara suke haɗuwa a gidan ɗayansu, a ci abinci, a buɗe tsofaffin kwalaben giyar inabi, a gwada wannan da waccan. Ɗaya daga cikinsu ya yi tafiya, aka ba ni kujerarsa.

Kwalba biyar ce ta jar giya, mutum biyar suka kawo. Kwana biyu kafin ranar an kai su gidan an tsayar da su, don lakar da ke taruwa a cikin tsohuwar giya ta kwanta a gindi. Matar gidan ce ta cire matosan, ta sa kowace kwalba cikin baƙar safa, ta liƙa lamba, ta yadda ko wanda ya kawo ba zai gane tasa ba. A gaban kowa kofin gilashi biyar, da burodi, da ruwa, da ɗan bokitin tofarwa. Kwalba ɗaya a raba wa mutum goma sha biyu, abin da zai zo wa kowa bai wuce cokali huɗu na cin abinci ba.

Da ido ake farawa. A karkata kofin a kan farin ƙyallen tebur a dubi bakin ruwan. Sabuwar giya launinta kamar zoɓo mai kauri, tsohuwa kuwa gefenta ya koma launin jan bulo. Daga nan sai hanci, kuma a nan aka fi daɗewa. Ni da na sa ran jin ƙamshin inabi, ban ji shi ba ko kaɗan. Ta biyu ƙamshin itacen fensir take yi da busasshen ganyen taba. Ta huɗu kamar ƙasa bayan ruwan farko. Ta ɗaya kuwa, wallahi sai da ta tuna mini da shagon dukawa a Zariya, ƙamshin jemammiyar fata.

Da aka zo ta uku, abokina dattijon ne ya fara ajiye kofinsa, ya ce wannan ta mutu, matoshi ya kashe ta. Kowa ya shinshina ya yarda. Warin jiƙaƙƙen kwali take yi, irin na ɗakin da ya sha damina a kulle. Aka ture ta gefe, aka ci gaba da sauran huɗun tare da gasasshen naman ɗan rago, kowa yana rubutu a takardarsa, ba mai leƙa ta wani.

Bayan an ƙirga zaɓi, mutum bakwai sun fifita ta ɗaya. Aka cire safa. Ta ɗayan ba ta Faransa ba ce ma, ta yankin Rioja ce a Sifaniya, ta 2001, kuma ita ce mafi araha a teburin. Ta biyu daga Pauillac, 1996. Ta huɗu daga Saint-Émilion, 1998, su biyun nan yankunan Bordo ne. Ta biyar daga kwarin Beka a Labanan. Ta ukun da aka ture, ita ce mafi tsada, ta wani babban gidan yin giya, ta 1990, kuma ta dattijon ce. A shekarar aka haifa masa 'yarsa, ya sayi akwati mai kwalba goma sha biyu na giyar shekarar, wannan ce ta ƙarshe. Sama da shekara talatin yana adana ta. Ya ɗauki kwalbar ya dube ta, bai ce komai ba, teburin ya yi tsit. Wannan shirun ne ya hana ni barci, shi ya sa na rubuto.

Malam Nasiru, Kano:
Assalamu alaikum. Bulus, na karanta har ƙarshe, na kuma ga ka yi ladabi a farkon maganarka. Amma wajibina ne in faɗa wa 'yan'uwa Musulmi da ke nan. Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce a nisance ta. Bai ce a rage ba, bai ce tsohuwa daban sabuwa daban ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. To ko kurɓa a tofar ɗin nan ba namu ba ne, zaman wurin ma ba namu ba ne. Tsorona yaranmu da ke karatu a Turai, kada su ji an siffanta abin da ƙamshin ruwan farko su ɗauka wata wayewa ce suke rasawa.

Baba Idi, shugaban zaure:
Malam ya faɗi hukunci, kuma ya faɗe shi daidai, babu Musulmin da zai ja. Bulus kuma ɗanmu ne, Bahaushe ne ɗan Wusasa, addininsa daban, kuma labari ya kawo. Na bar maganar ta ci gaba bisa sharaɗi biyu: ba zagi, ba kuma wanda zai sa hoton kwalba ko ya faɗi inda ake saye.

Maman Rifkatu, Jos:
Ƙanena Bulus, kada a ɗauka duk Kirista ne ya yarda da wannan. Ni a cocin da na tashi ko a jibin Ubangiji ba a kawo mai sa maye. Karin Magana 20:1 na nan, Afisawa 5:18 na nan. Na ga abin da burkutu ya yi wa gidaje a unguwarmu, na ga mata suna sayar da akuyarsu don biyan kuɗin makarantar da uba ya shanye. In aka sa wa abin nan kwat da farin ƙyalle, a wurina bai canza ba.

Bulus, Bordo:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ba zan ce wa Musulmi ya zauna inda na zauna ba. Yaya, ke ma na ji. Mahaifinmu har ya rasu bai taɓa kai ta baki ba, kuma na san da yana raye da ya yi mini faɗa. Akwai Kiristocin da za su kawo miki bikin Kana a Yohanna sura 2, amma ba zan shiga wannan gardamar da ke ba, don abin da kika gani a unguwa gaskiya ne, ni ma ina ganin irinsa a gadon asibiti a nan. Abin da zan iya shaida shi ne a daren nan ban ga wanda ya bugu ba, kusan rabin abin da aka zuba a bokiti ya ƙare.

Habu, Ƙofar Wambai:
Ni tambaya ce da ni ta neman sani. Bammi in ya kwana ya yi tsami. Burkutu ma an ce kwana biyu uku ya lalace. Kunun zaƙi ba ya wuce yini in ba firji. To wane irin ruwa ne zai shekara talatin a kwalba, a ce ma ƙara kyau yake?

Bulus, Bordo:
Malam Habu, ka san baurin da goro ke bari a baki, ko ɗanyar ayaba? Akwai sinadarin da ke kawo shi, Turawa suna ce masa tanin. Yana cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa. Jar giya ana barin ruwan ne ya jiƙu tare da ɓawon na makonni, sai launin da baurin su shiga ciki. Bayan nan a zuba a gangar katako ta itacen oak, wadda a nan Bordo take cin lita 225, wato kwalba 300, ta yi shekara ɗaya da rabi ko kusa da haka, katakon ma ya ƙara mata nasa. Baurin nan da tsamin inabin da ƙarfin barasar su ne ke tsare ta. Tana sabuwa, giyar Pauillac tana ɗaure harshe har ba daɗi. Da shekaru suka tafi sai baurin ya yi laushi, wani ya dunƙule ya kwanta a gindi, shi ne lakar da na ambata.

Amma kada a ɗauka kowace giya ce haka. Mafi yawan wadda ake yi a duniya don a sha cikin 'yan shekaru aka yi ta, in ta daɗe lalacewa take. Mai jure tsufa kaɗan ce, ita ma sai an kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, sanyinsa wajen digiri 12 zuwa 14, ba hawa ba sauka. A zafin Kano ba za ta kai labari ba.

Habu, Ƙofar Wambai:
Ikon Allah. Ai abin da ka faɗa bagaruwa ce. Mu gidanmu majema ne tun kakanni. Ɗanyar fata in ka bar ta kwana biyu ta ruɓe, amma in ta sha ruwan bagaruwa sai ta shekara hamsin, kuma tsohuwar jaka ta fi sabuwa laushi. Ɗanɗana ruwan bagaruwa ka ji yadda zai ɗaure maka baki. Ashe shi ya sa ka ji ƙamshin shagon dukawa.

Sadik, Jamus:
Gaskiyarka Malam Habu, dangin sinadari ɗaya ne, sunan tanin ɗin ma daga sana'ar jima ya samo asali. Amma ni inda na tsaya daban. Ilimin sinadarai nake karanta, kuma ina ganin rabin abin da ake faɗa a irin teburin nan zuciya ce ke raya wa mutum. A 2001 an yi wani gwaji a jami'ar Bordo ɗin nan taka, wani mai bincike Frédéric Brochet da abokan aikinsa. Suka ɗauki farar giya suka rina ta ja da rini marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon sana'ar. Ɗaliban suka riƙa siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ne ya ja hanci.

Sai kuma Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya da a lokacin yake zaune a Kalifoniya. Shekaru yana haɗa giya a gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana liƙa takardun bogi, attajirai suna saye da miliyoyin daloli suna sha suna yabawa. Ba harshen kowa ne ya tona shi ba. A 2008 aka kai wasu kwalabensa gwanjo a New York da sunan gidan Ponsot, giyar Clos Saint-Denis mai shekaru daga 1945 zuwa 1971, mai gidan, Laurent Ponsot, ya ce su sai 1982 suka fara yin wannan giyar. Lissafin shekara ne ya kama shi. Aka damƙe shi a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014. To ina gwanintar?

Bulus, Bordo:
Sadik, duk abin da ka kawo haka yake, su ma 'yan ƙungiyar sun san labaran nan, shi ya sa suke sa safa. Amma ka lura, mutum goma sha biyu, ba wanda ya san ta waye, duk suka yarda ta uku ta mutu, wanda ya fara faɗa kuma shi ne mai ita. Wannan ba zuciya ba ce. Kai ka fi ni sanin sinadarin da ake kira TCA, wanda ke samuwa a wasu matosan, ɗan mitsitsi ya isa ya ɓata kwalba. Hanci na kama shi.

Inda na yarda da kai shi ne suna da farashi. Bari in ba ka wanda ya fi naka zafi a wurin Faransawa. Ranar 24 ga Mayu 1976, wani Baturen Ingila mai shagon giya a Faris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara Faransawa, manyan masana, ya ba su giyar Faransa da ta Kalifoniya a rufe. A ɓangaren ja, ta Kalifoniya mai suna Stag's Leap ta 1973 ta zo ta ɗaya, ta wuce Mouton Rothschild da Haut-Brion, manyan gidajen giya na Bordo. A ɓangaren fara ma ta Kalifoniya ce, Chateau Montelena ta 1973. Ɗaya daga cikin alƙalan har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Faransawa suka ce a bari su tsufa a gani, tasu ce mai jure shekaru. A 2006 aka sake gwada jajayen bayan shekara talatin, na Kalifoniya suka kwashe matsayi biyar na farko, Ridge Monte Bello ta 1971 a gaba.

Sadik, Jamus:
To ai maganata ka ƙarfafa, Yaya.

Bulus, Bordo:
Rabinta. Ka ce ba a iya bambancewa, ni kuma na ce ana iyawa, sai dai bambancin ba kullum yake bin suna ba. Jerin darajar gidajen Bordo da ake ji da shi, a 1855 aka tsara shi, zamanin Napoleon na Uku, don baje kolin duniya da aka yi a Faris, kuma dillalai ne suka jera shi bisa farashin lokacin. Gida huɗu ne a sahun farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Babban sauyin da aka yi tun daga nan shi ne ɗaga Mouton zuwa sahun farko a 1973. Gonaki sun canza hannu, iyakoki sun motsa, jerin yana nan. Mai saye da ido jerin yake saye. Mai shinshina a rufe kuwa abin da ke cikin kofi kawai yake da shi.

Hajiya Falmata, Maiduguri:
Ni ba ruwana da giya, Allah ya tsare. Amma maganar hanci ta ja ni, don humra da turaren wuta nake haɗawa shekara ashirin. Sadik ɗana, kada ka raina hancin da aka horar. Ka kawo mini humra biyar a kwalabe marasa suna, zan gaya maka wadda aka haɗa makon jiya da wadda ta yi wata shida tana tsumuwa. Sabuwa kowane turare a cikinta ihunsa yake shi kaɗai, tsumammiya kuwa sun zama abu ɗaya. Kuma gaskiya ne akwai matan da in ba su ji tsada ba, ba sa jin ƙamshi. Duka biyun ina gani a shagona.

Baba Idi, shugaban zaure:
Hajiya ta tuna mini da goro. Masu ci na sosai daushe suke nema, wanda ya shekara a huhu ana sauya masa ganye ana tsince mai ƙwari. Yaro ba zai gane dalilin tsadarsa ba.

Likita Zainab, Ingila:
Ina so in sa bakin asibiti, don kada kyan labarin ya rufe wani abu. Barasar da ke cikin kwalbar 1990 ita ce dai ke cikin ogogoro, hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba. Jiki yana mayar da ita wani sinadari mai lahani ga ƙwayoyin halitta. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji, rukuni ɗaya da taba. A Janairun 2023 hukumar ta fito ta ce babu wani adadin da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Maganar da aka daɗe ana yaɗawa cewa kofi ɗaya na ja yana gyara zuciya, binciken baya-bayan nan ya raunana ta ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, da yawa suna ɗauke da shi tun yarinta ba su sani ba. Mai shi in ya haɗa da giya, hantar ba ta daɗewa. Bulus, kai ma'aikacin jinya ne, na san ka sani, amma ka yi gwajin?

Bulus, Bordo:
Na yi, Likita, tun lokacin ɗaukar aiki, an kuma yi mini rigakafi. Ban ja da ko kalma ɗaya a maganarki ba.

Isufu, Faris:
Salamu alaikum. Ni ɗan Damagaram ne, na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai ta taɓo ni. Shekara huɗu ina aiki a wani gidan abinci a nan. Da wankin kwanoni na fara, yanzu ni ke kai abinci tebur. Irin liyafar da Bulus ya faɗa ana yin ta a wurinmu duk wata, a ɗakin sama. Ni ke goge kofuna, sittin ko fiye, ni ke jera su, wani lokaci ni ke zubawa. Ban taɓa kurɓa ba, Allah shaida ne. Amma na iya cire tsohon matoshi ba tare da ya karye ba, na iya tsiyayewa a kan hasken kyandir don laka kada ta bi, har maigidan ya ce zai tura ni kwas. Da kuɗin nan nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena biyar, da shi na yi wa gidanmu rufin kwano. Malam Nasiru, don Allah mene ne matsayina? Dare da yawa ba na barci.

Malam Nasiru, Kano:
Wa alaikumus salam, Isufu. Allah ya saka maka da alheri kan riƙon mahaifiya, damuwar nan da kake ji kuma alamar imani ce. Ba zan ɓoye maka ba. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma game da giya, a ciki akwai mai ɗaukar ta da mai shayar da ita, ba mai sha kaɗai ba. Don haka kwas ɗin nan kada ka karɓa, zai ƙara nutsar da kai ne. Ban ce ka ajiye aiki gobe da safe ka bar tsohuwa da yunwa ba. Ka fara neman wani da gaske daga yau, kafin ya samu ka roƙi a mayar da kai kicin ko wani ɓangaren da ba ka taɓa kwalba, ko da albashin zai ragu. Ka kuma je wurin malamin da ke nan kusa da kai, wanda ya san halin da kuke ciki a can, ka zauna da shi baki da baki.

Bulus, Bordo:
Isufu ɗan'uwana, ban san labarina zai fama maka ciwo ba. Abu ɗaya zan ƙara. Wanda ya iya jera tebur na mutum goma sha biyu da kofi sittin ba kuskure, ya iya aikin da manyan wurare ke nema, kuma Faris cike take da gidajen abincin da ba sa sayar da giya.

Hajiya Falmata, Maiduguri:
Ɗan ƙanwata yana can yana aiki a irin wuraren. Isufu, duba saƙonka na gefe.

Alhaji Musa, Hunkuyi:
Ni manomin inabi ne a ƙaramar hukumar Kudan, na ci muke nomawa, ba na matsa ba. Duk muhawarar nan abin da ya tsaya mini shi ne shekarun da Bulus ke ta ambata. Me ya sa ake cewa ta 1996 ko ta 1998? Ba gona ɗaya ba ce, ba iri ɗaya ba ne?

Bulus, Bordo:
Ranka ya daɗe Alhaji, wannan ita ce tambayar da su kansu suka fi daɗewa a kai. Shekarar da ke jikin kwalba shekarar girbi ce, kuma kai ka fi ni sanin damina ba ta maimaita kanta. A nan sau ɗaya ake girbi, Satumba zuwa Oktoba, kuma dokar yankin ta taƙaita ban ruwa sosai, abin da sama ta bayar da shi ake aiki. Kogi ya raba yankin biyu. Ɓangaren Pauillac ƙasar tsakuwa ce, ba ta riƙe ruwa, tana riƙe zafi, irin da ya fi yawa a can Cabernet Sauvignon ne, mai kaurin ɓawo, mai jinkirin nuna. Ɓangaren Saint-Émilion yumɓu ne da farin dutse, irinsu Merlot, mai saurin nuna. To in ruwa ya sauko a ƙarshen Satumba, wanda ya riga ya girbe ya tsira, wanda ke jira ya shiga uku. A 1998 masu Merlot ne suka dace, a 1996 kuwa masu Cabernet. Shi ya sa waɗanda suka kawo kwalaben nan biyu suka zaɓi waɗannan shekarun. Tsofaffin teburin har yanzu suna maganar sanyin Fabrairun 1956 da ya kashe kurangu da yawa, kamar yadda namu tsofaffin ke lissafi da shekarun fari.

Wani abin da zai ba ka sha'awa, kusan duk kurangar da ke nan 'yar aure ce, kamar mangwaron aure. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya cinye gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a dasa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa, a aura mata reshen na Turai. A lokacin annobar ce 'yan kasuwar Bordo suka riƙa tsallakawa Rioja neman giya, gangarsu da salon aikinsu suka samu gindin zama a can. Da aka cire safar ta ɗaya, wani a teburin da ya rantse ta Bordo ce ya kawo wannan tarihin don kare kansa.

Alhaji Musa, Hunkuyi:
Mu nan ba mu da sanyin da zai sa ta barci, sai mun yi mata aski da hannunmu sannan ta fito da sabon ido, ruwa kuma mu ke ba ta. In ka samu dama ka ɗauko mini hoton yadda suke askin da yadda suke ɗaure reshe a waya. Baba Idi, hoton gona dai ba ya cikin haramcin ko?

Baba Idi, shugaban zaure:
Gona halal ce, Alhaji. A kawo.

Maman Rifkatu, Jos:
Ra'ayina bai canza ba, Bulus, kuma in ka zo Kirsimeti za mu yi maganar a gida. Amma dattijon nan ya tsaya mini a rai. Me ya yi daga baya?

Bulus, Bordo:
A daren dai, bayan biyar ɗin, an kawo wata farar mai zaƙi daga Sauternes, ta 2001, wadda ake yi da inabin da wata irin fumfuna ta busar a jikin kuranga, aka ci da cuku mai gishiri, shi ya ɗan kurɓa ya yi sallama da wuri. Ranar Litinin na same shi a wurin shan shayi na yi masa jaje. Ya ce sauran kwalabe goma sha ɗayan na akwatin duk lafiya suka fito. Ya ƙirga mini su da yatsa: biyu ranar da 'yar ta gama jami'a, huɗu ranar aurenta, ɗaya ranar da ta haihu, ɗaya ranar da aka sallamo matarsa daga asibiti, sauran ukun ya ce ya manta dalili. Wannan ta ƙarshen ya so ne ya sha da abokansa kafin ya yi ritaya ya koma ƙauye. Ya zubar da abin cikin a gidan da aka yi liyafar, ya tafi da kwalbar da matoshin gida.

Alhaji, askin a watan Janairu suke farawa sosai. Zan shiga gonar wani maƙwabcin abokina in ɗauko maka.